Akwatin da Ya Yi wa Turai Ɓarna

Abdussalam ɗan gidan Malam Khalilu ne ya kashe albasar Inna Turai. Shi da surukinsa, Alhaji Sammani. Kada wani ya zo yana sosa ƙeya yana cewa ai ruwa ne, ko ai inji ne, ko ai rabo ne ya ƙare. Ruwa ba ya buɗe wa kansa ƙofa. Su biyun nan ne, kuma babu wanda bai sani ba a Unguwar Kanya. Nauyin baki ne kawai ya kama mutane, ita kuwa Turai tun ranar da aka kai mijinta makwancinsa ta sauke wannan nauyin.

Ga yadda aka yi. Ƙanwarta ce ta rasu a Bici, ta tafi zaman makoki. Kafin ta tafi sai da ta leƙa lambu. Albasa ta cika fangali, lawashi ya fara kwanciya, ban ruwa ɗaya ya rage na sallama, daga nan a bar ƙasa ta tsane a cire. A kan albasar nan gidan ya dogara kaf. Ɗanta ya tafi kudu neman abin kai wa baka, ya bar mata matarsa Sauda da goyo da yara reras kamar 'yan tsaki. Shekarun nan kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Mudun masara ya zama abin kallo, fetur ya gagari mai babur balle mai injin ban ruwa, gidan da ake ɗora tukunya safe da yamma ana nuna shi da baki. Rumbun Turai tun sanyi bai wuce ba aka share gindinsa. Albasar ce za ta zama hatsi, hatsin ya kai su damina.

Safiyar da ta dawo ko ɗaki ba ta shiga ba. Ta yar da ƙullin kayanta a zaure, ta ɗauki fartanya ta nufi lambu. Nata shi ne na can ƙarshen gangare, bayan shingen zogale, inda ba mai bi sai mai shi. Tun daga nesa ta hango balbelu. Ta ce a ranta, me balbela ke nema a cikin albasa? Da ta zagayo shinge sai ta tsaya cik.

Babu lambu. Tafki ne. Kunyoyin fangali sun narke, lawashi na yawo a saman ruwa ya yi ɗorawa, kwaɗi har sun yi gida suna kiran juna. Ga bututu can a gefe yana ta aman ruwa kamar an biya shi lada. Turai ta buɗe baki za ta yi salati, salatin ya maƙale. Ta shiga ruwan haka nan da zaninta, ya kai mata ƙwauri. Ta sa hannu ta tumɓuko guda, ta ruguje mata a tafin hannu kamar dafaffen dankali, wani ɗoyi ya bugi hancinta. Ta tumɓuko wata. Ta matsa can tsakiya ta tumɓuko wata. Ta je kusurwar da ta fi tudu, inda ta ware manya-manya na iri. Duk kanwar ja ce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, sai a lokacin. Ta maimaita har muryarta ta dishe. Ba ta yi kuka ba. Ɗaga kai ta yi ta kalli saman gangare, inda akwatin yake rataye.

Akwatin nan sabon abu ne a garin. Da can akwai mai rabon ruwa, dattijo da sandarsa, yana bin kwata yana buɗe wa wannan yana toshe wa wancan. Da tsufa ya kwantar da shi aka rasa magaji, samari duk sun watse birni, kullum sai an yi cacar baki a bakin ruwa. Sai ƙungiyar manoman rani ta yi karo-karo, aka kira Abdussalam, wanda ya yi karatun kwamfuta a Kano yake gyaran wayoyi a Bici, ya haɗa musu akwati. Na ƙarfe ne, bai fi akurkin kaji girma ba, an rataye shi a jikin dogon ƙarfe da faifan sola a samansa. Shi ke tayar da famfon da ke ɗago ruwa daga kwatar da ta taho daga madatsar ruwan Watari, shi ke buɗe ƙofar bututun kowa in juyinsa na ban ruwa ya zo, shi ke rufewa. Mai buƙatar ƙari kuma ya kira shi ta waya. Tun da ya zo ba wanda ke zaman gadin ruwa. A kwanakin nan mutane sun yi ta ƙorafin ruwa ya yi rauni, amma ko mutum ɗaya bai gangara ya ga inda yake zurarewa ba.

To a Unguwar Kanya akwai al'ada, kuma ta girmi kowa. Dabbar da ta shiga gona ta yi ɓarna, kama ta ake yi a ɗaure a ƙofar mai unguwa. Ba mai kwance ta sai mai ita ya fito ya ce tasa ce, dattawa su je su ga ɓarna, ya biya. Saniya ce, akuya ce, jaki ne, duk ɗaya. Turai ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta haura gangare, ta sa bakin fartanya a bayan akwatin ta ɓanɓare shi. Wayoyi suka tsintsinke, wani ɗan tartsatsi ya tashi, famfo ya yi tari ya mutu. Ta kwanto igiya a jikin shinge ta ɗaure shi tamau, ta cika gefen mayafinta da ruɓaɓɓiyar albasa, ta ɗora akwati a ka ba ko gammo, ta ratsa tsakiyar gari taɓo har gwiwa. Mata na leƙe ta saman danga suna riƙe baki.

Mai Unguwa Nababa na zaune gindin dalbejiya da dattawansa. Turai ta sauke akwatin tim a gabansu, ta ja igiya ta ɗaure a turken da ake ɗaure awakin ɓarna.

"Ranka ya daɗe, na kamo mai ɓarna."

Nababa ya kalli akwati, ya kalli turke, goron da ke bakinsa ya kusa faɗowa. "Turai! Kin san abin da kika ciro kuwa?"

"Na san abin da ya ci."

Ta zazzage mayafinta a bakin tabarmarsa. Ɗoyi ya tashi, dattawa suka ja da baya suna toshe hanci, sannan ɗaya bayan ɗaya suka matso suna salati. Duk manoma ne. Ba wanda ya tambaye ta ko saura ya tsira.

Iliyasu mahauci, taubashin Turai, wanda bakinsa bai san makoki ba, ya zagaya akwatin yana leƙen ƙarƙashinsa. "To ni dai in an rasa mai ita a ba ni in yanka. Sai dai wallahi ban ga wuyanta ba."

Turai ta harare shi. "Rufe mana baki, ƙazamin mahauci. Je ka kori ƙudajenka."

Ba wanda ya yi dariya, har shi Iliyasun.

Aka buga wa Abdussalam waya. Hantsi ya dubi ludayi sai ga shi a babur. Da ya ga akwatinsa ɗaure a turken awaki wayoyi na reto, ya ɗora hannu biyu a ka. Da ya ga abin da ke zube a bakin tabarma, hannuwan suka sauko da kansu. Ya durƙusa.

"Inna, sannu."

"Riƙe sannunka. Naka ne?"

"Na ƙungiya ne, Inna. Ni haɗawa kawai na yi."

"To mai haɗawa, tambaye shi me na yi masa."

Ya ciro kwamfuta daga jaka, ya jona ta da akwatin, ya zauna a ƙasa yana karanta wasu ƙananan rubutu. Yana cikin haka Alhaji Sammani ya iso, shugaban ƙungiya, dillalin shanu a kasuwar Ɗambatta, mai gonar alkama a saman gangare, uban matar Abdussalam. Aka tashi aka ba shi kujera. Turai ba ta ko kalle shi ba, fuskar yaron take kallo. Ta ga lokacin da ya daina motsa yatsa. Ta ga gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula.

"Ka gani ke nan," ta ce. "Faɗa. Kuma da Hausa."

Ya juyo gare ta. "Inna, cikin akwatin nan kamar gida ne. Akwai yaro, akwai maigida. Yaron shi ke lura da juyin kowa, yanzu ruwan wane ne, yanzu ya isa. Amma ba shi da ikon taɓa ƙofa ko ɗaya. Maigidan ne kaɗai ke taɓawa, kamar yadda ba kowa ke buɗe rumbu ba. Mu a wajen aiki kanel muke ce masa."

"Ku ce masa abin da kuka ga dama. Ina jinka."

"In lokacin rufe wata ƙofa ya yi, sai yaron ya ɗora saƙo a faifai ya kai wa maigida, ga lambar ƙofar, ga abin da za a yi mata. To faifan nan ɗaya ne a gidan, shi ma maigidan da shi zai yi aiki. Don haka kafin ya taɓa komai sai ya juye abin da yaron ya kawo a wurin ajiyarsa, nasa na kansa, inda yaron ba ya kaiwa. In ya gama sai ya mayar da kayan kan faifai yadda suke, ya miƙa wa yaro, yaron ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a taɓa tsayar da shi ba."

"Ko 'yar talla ta san wannan. Ina ɓarnar take?"

"A manyan injuna ajiyar jerawa ake yi, wani kan wani kamar jeren kwanuka. Wanda aka ajiye a ƙarshe shi ake fara ɗauka, ba abin da ke ɓata ko saƙo nawa ya zo. Wannan ƙarami ne, gurbi ɗaya na yi masa. Kuma ɗayan ya isa, don na tsara maigidan ya toshe kunne in yana kan saƙo. Ba ya sauraron kowa sai ya gama. Wanda ya kira a lokacin sai a ce masa ya ɗan jira. Jiran bai fi shan ruwa a moɗa ba."

"To?"

Abdussalam ya sauke hannu daga kan kwamfuta. Idonsa ya tafi wajen kujera ya dawo ƙasa da sauri.

"Daga baya aka ce in gyara. Aka ce akwai wayar da bai kamata ta jira ba."

"Wayar wa?"

"Ta Baba."

"Wane baban? Garin nan baba ya fi kaji yawa."

Yaron ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Ai ba zai faɗa ba. Wa ya taɓa jin mutum ya kama sunan surukinsa a bainar jama'a, balle a bakin laifi? Dattawa duk suka shiga kallon takalmansu. Iliyasu ne ya kasa haƙuri.

"Kai, a bar wahalar da yaro. Ina wurin aka yi. A karar shanu ne, Alhaji ya tara abokan dillancinsa zai nuna musu yadda yake ba gonarsa ruwa daga Ɗambatta. Ya danna waya, akwati ya aiko masa a ɗan jira. Suka kwashe da dariya, wani na cewa ashe akwai mai ce wa Sammani jira. Da yamma ya dawo yana huci, wai shi da ya ba da ƙarfen da aka rataye abin, shi akwati zai tsayar a zaure? Ya sa aka kira masa surukin nasa. Ko ƙarya na yi, Alhaji?"

Alhaji Sammani ya kau da kai yana gyara babbar riga.

"Ƙarasa," Turai ta ce da Abdussalam. Muryarta ta yi ƙasa, kuma wanda ya san ta ya san nan ne wurin tsoro.

"Na buɗe wa wayar Baba kunnen maigidan, ko yana kan saƙo ya saki ya amsa. Ranar kasuwar da ta wuce lokacin rufe ƙofarki ya yi. Yaro ya kawo saƙo, ƙofar Inna Turai, a rufe. Maigida ya juye a gurbi. Bai kai ga juya ƙofar ba kiran Baba ya shigo, a buɗe tasa. Ya saki naki, ya juye sabon saƙo a gurbin nan ɗaya, a kan naki. Lambarki ta goge. Ya buɗe ta Baba. Sannan ya dawo zai ƙarasa rufewar da ya fara, ya duba gurbi ya ga ƙofar wa ce, ya tarar da lambar Baba. Sai ya rufe ta Baba, ya ce wa yaro an gama." Ya share gumi. "Shi akwatin, Inna, har safiyar yau a saninsa ƙofarki a rufe take."

Wani dattijo ya ce subhanallahi a hankali. Turai ta tsaya baki buɗe. Ta zo da shirin jin waya ta tsinke, ko ɓera ya yi fitsari a ciki, ko wani maƙiyi ya yi mata da gangan. Da ma maƙiyi ne, da ta san inda za ta kama.

"Wato," ta ce, "ana cikin rufe mini ruwa, babba ya yi gyaran murya, aka yar da ni aka ruga."

"Inna..."

"Aka yar da ni, aka kuma manta an yar. Don kada a yi wa mutum dariya a karar shanu. Abincin jikokina ke nan. Dariya."

Sai ga Alhaji Sammani ya tafa hannu kamar wanda ya tsinci abu. "To kun ji da kunnenku! Ni ma ban sami ruwan ba. Buɗewa ya yi ya rufe. Wallahi na ga alkamata ta yi yaushi ranar, na rasa dalili. Duk mu biyu abin ya shafa, Turai. Ƙaddara ce, kowa ya ɗauki haƙuri. Zan sa yara su kai miki tiyar masara, sadaka, saboda Allah da zumuncin marigayi mijinki."

"Alkamarka ta yi yaushi." Ta duƙa ta ɗebo ruɓaɓɓiyar albasa ta matsa kusa da shi har ya kau da kai. "Shinshina yaushi, Alhaji. Sadaka kuma ka kai masallaci. Ni ba bara na zo ba, ɓarna na kawo."

Abdussalam ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa. "Ranka ya daɗe, gaskiya ni na san gurbin ɗaya ne. Tun ranar na so in ce a bari sai na..."

Alhaji ya yi gyaran murya. Sau ɗaya tak. Bakin yaron ya rufe ruf, ya koma kallon ƙasa.

Turai ta dube shi, ta dubi akwatin, ta girgiza kai. "Ikon Allah. Ashe gadonka akwatin ya yi. Kai ma an kira ka, ka yar da abin da ka ɗauko."

Kafin azahar ƙofar mai unguwa ta cika. Rana ta take, famfo a mace, masu tumatir da masu attaruhu sun fara hawowa daga lambu ido jajur. Wani ya ce shukarsa ta dashe ce, ba za ta kai yamma ba. Wani ya ce a ba tsohuwa haƙuri mana, ai ba za a kashe gari don albasar mutum ɗaya ba. Da suka ga abin da ke zube a bakin tabarma sai murya ta yi sanyi, amma ba su tafi ba.

Mai Unguwa Nababa ya rasa inda zai sa kansa. Ya sauko da murya. "Turai, ki duba. Al'adar nan ta dabba ce, mai rai, mai baki. Wannan ƙarfe ne. Ki bari yaro ya mayar da shi, daga baya a zauna."

"Ya yi ɓarna ko bai yi ba?"

"Ya yi, amma..."

"Daga baya a zauna! Na san zaman nan. Ruwa na dawowa kowa zai kama gabansa, ni a bar ni da Allah ya mayar da alheri. Sauda ta dafa wa yara Allah ya mayar da alheri? To na waye? Tambayar da kake yi wa kowa ke nan a kan turken nan, yau ka yi ta."

Nababa ya juya ga jama'a kamar mai neman ceto. "Jama'a, akwatin nan na waye?"

"Na ƙungiya ne," aka amsa daga baya.

"Wa ke gaban ƙungiya?"

"Shugabanci ba mallaka ba ne," Alhaji ya ce da sauri. "Kowa ya sa hannu a karo-karo. Ita ma ta sa."

"Na sa," Turai ta ce. "Na sa don a ba ni ruwa a rufe. Ban sa don a saya wa wani girma ba."

Wani saurayi ya matso zai kai hannu ga igiya. Ta ɗaga fartanya, ya ja da baya ba shiri. Ta kwance igiyar daga turke, ta naɗe ta a wuyan hannunta har ta shiga nama, ta tattara zaninta mai taɓo ta zauna daram a kan akwatin.

"To ku ji, kada wani ya ce ban faɗa ba. Tumatirinku na ƙuna, na sani, ban so ba. Amma ba ni na riƙe ruwanku ba, masu shiru ne suka riƙe. Kai Abdussalam, hannunka ne ya yi. Kai Alhaji Sammani, bakinka ne ya sa. Ga ku nan zaune ƙafa da ƙafa. Ɗaya ya miƙe a gaban Mai Unguwa ya ce nasa ne, dattawa su gangara su ga lambuna, a yanka masa abin da zai ciyar da gidana har damina. Ba sadaka ba, biya. Ni ba inda za ni. Wa zai amsa?"